Mai Son Sayar da Mota da Wuri, Ya Fara da Faɗin Aibinta

Port Richmond tsohuwar unguwa ce a arewacin Staten Island, ɗaya daga cikin gundumomi biyar na birnin New York. Tana bakin mashigin ruwan Kill Van Kull, kuma daga gefenta ne gadar Bayonne, wadda aka buɗe a 1931, ta tsallaka zuwa jihar New Jersey. Jirgin ƙarƙashin ƙasa da birnin ya yi suna da shi bai iso tsibirin ba, layin dogon da ya ratsa unguwar kuwa ya daina ɗaukar fasinja tun 1953. Saboda haka duk wanda ba ya son jiran bas, sai ya nemi mota. Yawancin mazauna unguwar masu neman na kansu ne, da dama daga cikinsu baƙin haure ne, musamman daga ƙasar Meziko. Ga irin waɗannan mutane, mota ita ce babbar kadara. Idan kuɗin haya ya taru, ko tafiya gida ta taso ba shiri, ita ake fara tunanin ɗagawa.

Mai irin wannan gaggawa yana da ƙofofi uku. Yana iya kai motar wurin 'yan kasuwar motoci ko masu sayen kwaraɓaɓɓu don a farke su, su biya shi a ranar, amma da farashin da suka ga dama. Yana iya tallata ta a intanet ya jira mai bukata. Yana kuma iya sallama wa masu sayen motoci domin aikawa ƙasashen waje. Ko wace ƙofa ya bi, akwai wata dabara da abokai kan ba shi: ya wanke motar tas, ya ja bakinsa ya yi shiru game da giyar da ke sulɓewa ko injin da ke shan mai. Wannan shawara gurguwa ce, ko da ma an ajiye maganar amana a gefe, domin ɓoye aibi shi ne babban abin da ke jawo wa ciniki nawa.

Dalili kuwa a fili yake. Mai mota ya san cikinta, mai saye bai sani ba. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin wannan a wata maƙala da ya fitar a 1970, wadda tana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Ya nuna cewa idan mai saye ba zai iya bambance mota mai lafiya da mai ciwo ba, zai taya kowace da farashin da bai kai darajar mai lafiya ba. A jihar New York zargin ya fi ƙarfi a cinikin mutum da mutum, domin dokar da ta tilasta ba da garanti a kan tsofaffin motoci 'yan kasuwar motoci kawai ta shafa. Wanda ya saya a hannun mai ita, ba shi da madogara sai maganar mai ita. Shi ya sa yake zuwa yana komawa, yau ya kawo bakanike, gobe ya ce sai ya yi shawara. Kwanakin da mai mota ke ƙorafin sun tafi a banza, tsoron mai saye ne ya cinye su.

Wanda ya ce tun farko, birki sabo ne amma lagireto yana yoyo, ya kuma miƙa rasit ɗin gyare-gyare da lambar shasi mai alamomi 17 don a bincika tarihin motar, ya kashe wannan tsoro. Za a iya cewa ai ya karya wa kansa farashi. Gaskiya ne, zai rage wani abu. Amma ragin da mutum ya yi da bakinsa yana da iyaka, kuɗin gyaran lagireto ne kawai. Ragin da mai saye ke yi bayan ya kama ƙarya ba shi da iyaka, sau da yawa ma sai ya juya ya tafi abinsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman a zamanin da bakanike ke jona ƙaramar na'ura a jikin mota ta tona asirinta cikin 'yan mintoci.

Kasuwar Bahaushe ta daɗe da gano wannan. Dillalin mota a Kano ko Maraɗi yana cin la'adarsa ne saboda ya tsaya tsakanin mutum biyu da ba su yarda da juna ba, ya jingina mutuncinsa a kan kayan. Baƙon da ke Port Richmond ba shi da irin wannan dillali, don haka takardu su ne shaidunsa. Tilas ya sa hannu a bayan takardar mallaka, ya rubuta yawan tafiyar da motar ta yi, su yi takardar ciniki. Tilas ya cire lambobin motar, domin a New York lamba ta mai mota ce, ya kuma mayar da su ofishin rajistar motoci kafin ya soke inshora. Wanda ya tsallake wannan saboda sauri, yana iya wayar gari da tarar laifin da wani ya yi da lambarsa, ko a dakatar masa da lasin tuƙi. Haka nan wanda ya karɓi caki daga baƙon ido ya miƙa makulli kafin banki ya tabbatar da kuɗin, yana iya rasa mota da kuɗin duka. Sauri ya haifi nawa.

Akwai kuma wani mai saye da mai mota ba zai taɓa gani ba. Jiragen ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Bayonne tashar Newark suka nufa, kuma daga can ake loda tsofaffin motoci zuwa Legas da Kwatano. Kafin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu a farkon 2017, da yawa daga cikinsu ta Kwatano suke bi su faɗa kasuwannin Arewa. A watan Oktoba na 2012 guguwar Sandy ta auka wa gaɓar gabashin Amurka, Staten Island na cikin wuraren da suka fi shan wahala, kuma motoci kimanin 250,000 ne suka lalace a jihohin da abin ya shafa. Motar da ta sha ruwan gishiri takan tashi lafiya lau, sai bayan watanni wayoyinta su fara ruɓewa. Idan aka ɓoye irin wannan tarihi a New York, wanda zai biya bashin yana iya zama malamin makaranta a Katsina da ya yi shekara biyar yana adashi.

Ba laifi ba ne mutum ya matsu, ba kuma laifi ba ne ya so kuɗinsa yau. Abin da ya rage masa shi ne ya tanadi takardunsa, ya yanka farashin da ya dace da halin motar, ya faɗi ciwonta kafin a tambaye shi. Mai saye da ya ji aibi daga bakin mai kaya ba ya doguwar shawara. Yakan taya, a ce masa albarka, ya ƙara kaɗan, a sallama, kowa ya kama gabansa ba tare da fargabar kiran waya ba.