Yatsu uku na rairayi sun ishi kurungu

Akwatin kifi na gilashi ya fara shiga falukan mutane a Sakkwato, kuma kusan duk wanda na leƙa, tsakuwa ce mai launin ja da shuɗi aka tula masa kamar za a zuba harsashin gini. Ban yarda da wannan tulin ba, musamman ga mai son haɗa tsirran ruwa da kifin da ke kiwo a ƙasa.

A gidana a Gidan Dahala ƙananan kurungu nake ajiyewa, irin waɗanda masunta ke kamowa a Gulbin Rima. Kurungu da gashin bakinsa yake laluben abinci, ya tona nan ya tona can. Tsakuwa mai kaifi cinye masa gashin take yi har ya guntule, daga nan ciwo ya shiga. Rairayin gulbi da ruwa ya riga ya goge shi ne abin da ya saba da shi, in dai an wanke har ruwan bokiti ya fito garau.

Masu son shuka sukan ce a zuba da yawa don saiwa ta kama. Suna da gaskiyarsu, domin ciyawar Vallisneria mai dogayen ganye sai ta kafe saiwa take tsayuwa. Amma santimita 5, wato kaurin yatsu uku, ya ishe ta. Ni santimita 3 nake sawa a gaba, ya gangaro daga 7 a baya inda tsirrai suke. Idan rairayi mai laushi ya kai 10, ƙasansa daskarewa yake, iska ba ta ratsa shi, ragowar abinci ta ruɓe a ciki, ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kifin da ke tono shi ne zai fara gamuwa da wannan guba.

A nan kuma lamarin ya fi tsanani. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai, ruɓa kuma tana sauri, ga wuta da za ta ɗauke famfon akwatin ya tsaya. Shawarar da aka rubuta don ɗakin sanyi a Jamus ba ta yi lissafin wannan ba.

Wanda yake son kore ya cika masa ido, ya nemi Anubias, tsiron rafukan Afirka ta Yamma. Ɗaure shi ake yi a jikin itace ko dutse, in aka binne gindinsa ma ruɓewa yake.

Duwatsun ado kuma a gwada su. Yankinmu na da farin dutse, shi ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, kuma yana narkewa a hankali ya canza ruwa. A ɗiga masa ruwan khal. In ya yi kumfa, kada a sa shi a akwatin.