Sadakar da ta dace

A watan Maris na shekarar 2021, kamfanin GMC na Amurka ya ba da wata mota sadaka. Sunanta Hummer EV. Ba ta shan mai, da lantarki take tafiya, tana da ƙarfin doki 1000. Aka yi gwanjonta, aka saye ta dalar Amurka miliyan 2 da rabi. Kuɗin suka tafi ga ƙungiyar da ke gina wa naƙasassun sojoji gidaje.

Wannan ita ce dabara. A ce irin motar nan aka kawo Belbeji, cikin ƙasar Tarka. Ina za a cika batirinta a daji? In ta lalace, wa zai gyara? Sai ga mai naƙuda tana jira, mota tana ajiye.

Wasu na cewa ba a raina kyauta. Gaskiya ne, amma sayar da ita ba raini ba ne. Kuɗinta sun isa a gina rijiyoyi masu famfon hasken rana, a sayi kat-kat mai kai marasa lafiya Tanut ko Damagaram, a cika rumbun tsimi da hatsi.

Ya kamata mai sadaka ya fara tambayar talaka bukatarsa. Makiyayin Damargu ruwa yake nema wa garkensa, gudun mota bai dame shi ba.