An Rage Wa Jaruminka Ƙarfi? Ba Zalunci Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda yake zama inuwar darbejiya idan an tashi tara ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa: wane jarumi ya fi ƙarfi a Free Fire, kuma don me kamfanin wasan yake rage wa wasu ƙarfi? Mu a ƙungiyar 'yan jarida mun tattauna, ga matsayarmu.

Bari mu fara da bayani saboda malamanmu da ba su san wasan ba. Free Fire wasan harbe-harbe ne na waya, na kamfanin Garena da ke Singafo, ya fito a 2017. Ana sauke mutum 50 a tsibiri ɗaya, wanda ya rage a ƙarshe shi ya ci. Kowa yana zaɓar jarumin da zai yi wasa da shi, kuma kowane jarumi da tasa baiwar. Kelly ta fi gudu, Alok kuma yana mayar wa kansa da abokansa lafiya.

A Disambar 2020 aka kawo Chrono, mai kamannin Cristiano Ronaldo. Baiwarsa wata garkuwa ce kamar rumfa, tana tare harsashin abokan gaba, shi kuwa yana harbi daga ciki. Nan da nan jama'a suka koma kansa, domin ɗan koyo mai Chrono yana iya kayar da gwani. A 2021 kamfanin ya tsawaita lokacin jira kafin a sake buɗe garkuwar, kafin shekarar ta ƙare kuma ya hana harbi daga cikinta. Masu Chrono a ƙasashe da dama suka yi ca, suna cewa an cuce su.

Mu dai muna ganin gyaran daidai ne. Masu ƙera irin waɗannan wasanni suna duba alƙaluma: mutum nawa ke zaɓar jarumi kaza, sau nawa yake cin nasara. Idan ɗaya ya danne sauran, zaɓi ya mutu ke nan, wasa ya zama na mai kuɗi. Ku ɗauka ana langa a nan Kekun Waje, sai a ce yaro ɗaya an yarje masa ya sauke ƙafa biyu. Wa zai sake shiga? Ko a ƙwallon ƙafa an yi haka: a 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansu ya miƙo masa da ƙafa da gangan, saboda ɓata lokaci ya yi yawa. Gololi sun ji jiki, amma wasa ya ƙara daɗi.

Duk da haka, masu fushi suna da hujja. Wanda ya zuba kuɗi ya sayi dayamon don ya mallaki jarumi, ya wayi gari an sauya shi, dole ransa ya ɓaci. To, a nan darasin yake. Abin da ka saya a cikin wasa ba kamar keken da Baba ya sayo maka a Gusau ba ne. Yana hannun kamfani, kuma sabuntawa ɗaya ta isa ta canza shi. Wasunmu suna hana cikinsu ƙosai mako guda, wasu har suna taɓa kuɗin littafi, don abin da ba su da iko a kansa.

Shawararmu ita ce: kada kuɗin tara ya tafi a dayamon. Mai son wasa ya bari sai ya gama aikin gida, ya koyi saiti da haɗa kai da abokai, domin wannan babu kamfanin da zai rage masa.

Wanda bai yarda da mu ba ya rubuto, za mu liƙa a wannan allo mako mai zuwa.