Hedifon ko sifika: Bai kamata NEPA ta riƙa yanke wa masu situdiyon Kebbi hukunci ba

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaya daga cikin ƙananan situdiyon da matasa ke buɗewa a ɗakunan gidajensu a Birnin Kebbi, a Badariya ne ko Gesse ko Rafin Atiku, ya san yadda aikin yake tafiya. Idan akwai wuta, sai a kunna sifiku a ƙure su har tagogi na kaɗawa. Da an ɗauke, sai mai haɗa sautin ya jawo hedifon ya maƙala a kunne, ya ci gaba da ɗan abin da ya rage a batirin kwamfutarsa. Idan wutar ta dawo da tsakar dare maƙwabta sun kwanta, hedifon ɗin ne dai. Da haka ake gama waƙa: rabinta an haɗa da sifika, rabi da hedifon, kuma babu wanda ya zauna ya tsara wane ɓangare zai faɗa hannun wanne.

Ba a ganin illar sai an biya kuɗi an watse. Mawaƙi ya kai waƙarsa gidan biki a Argungu, mai kayan sauti ya sa ta, sai muryarsa ta nutse ƙarƙashin kiɗa. Ko ya tura wa wanda ya yi wa waƙar ta WhatsApp, a kunna a waya, a nemi kaurin gangar a rasa. Daga nan sai magana ta fara yawo cewa situdiyon gida ba su iya ba, gara a tafi Sakkwato ko Kaduna ko Kano. Kuɗin da ya kamata ya zauna a gari sai ya bi mota, kuma a daidai lokacin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, 'yan siyasa na neman masu yi musu waƙa.

Masu situdiyon sukan ɗora laifin kan rashin kayan aiki masu tsada. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Hedifon da sifika shaidu biyu ne, kowannensu yana faɗin gaskiya a wani wuri ya yi ƙarya a wani. Aikin mai haɗa sauti shi ne ya san inda kowanne ke ƙarya, ya kira shi a kan abin da ya sani kaɗai. Idan wuta ce ke zaɓa masa shaidar da zai saurara, to ya bar kujerar alƙalanci ga wanda bai san ana shari'a ba.

A fara da hedifon. Idan mutum na zaune gaban sifiku biyu, kunnensa na hagu yana jin sifikar hagu, yana kuma jin ta dama bayan ɗan jinkiri, haka ma kunnen dama. Da wannan cakuɗuwar ƙwaƙwalwa ke gane inda kowane sauti yake. Hedifon ya raba wannan aure: kowane kunne abin da aka ba shi kawai yake ji. Shi ya sa kiɗa ke yin faɗi da tsabta a cikinsa fiye da yadda yake a zahiri. Murya tana fitowa tar ko da an yi ƙasa da ita, sai mai aikin ya ɗauka ta isa, alhali a fili 'yan amshi da fiyano sun danne ta. Mafi muni, akwai dabarun faɗaɗa sauti da ke sa ɓangaren hagu da na dama su riƙa cin juna idan aka haɗe su waje guda. A hedifon ba za a taɓa jin wannan ba, tunda ba sa haɗuwa. Amma ƙaramar waya mai sifika ɗaya, da 'yar rediyon mai shayi, da lasifikar da ake ɗaurawa a kan mota ranar kamfe, duk haɗe su suke yi. Nan take wani kayan kiɗan ya sirance ko ya ɓace.

Sai dai hedifon ba shi da na biyu wajen tsintar ƙazanta. Ƙarar fanka da ta shiga makirufo, gurnanin janaretan maƙwabci, kukan akuya daga tsakar gida, lumfashin da aka yanke ba daidai ba, duk shi ke tona su.

Ita kuma sifika, ƙaryarta ba daga bakinta take ba, daga ɗakin ne. Yawancin waɗannan situdiyo ɗaki ne mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, bangon siminti, ƙasa tayil. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa guda. A ɗakin da ke da tazarar mita 3.6 tsakanin bango da bango, kaurin sauti mai kaɗawa wajen sau 47 a daƙiƙa, da ninkinsa wajen 94 da 141, yakan yi ta kai da komo yana taruwa a wasu wurare, yana mutuwa a wasu. Tunda tsawo da faɗi ɗaya ne, matsalar ninki biyu ce. Wanda ya zauna a tsakiyar ɗaki zai ji kamar babu bes, ya yi ta ƙarawa. Wanda ya jingina da bango zai ji ya yi yawa, ya yi ta ragewa. Dukansu ɗakin suke gyarawa, ba waƙar ba. Kuma kwalin ƙwai da ake mannawa a bango, wanda ya zama kamar tambarin situdiyo, ba ya taɓa wannan kaurin ko kaɗan. Tsohuwar katifa mai kauri a kusurwa, da labule mai nauyi, da darduma a ƙasa sun fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Duk da wannan aibi, a sifika ake gane abin da ya fi muhimmanci: tsakanin murya da kiɗa wa ke gaba, amsa-kuwwar da aka sa wa murya ta yi yawa ko ta yi kaɗan, waƙar tana motsa jiki ko ba ta yi. Waƙar Hausa kuwa kalmomi ne jarinta. Wanda aka wasa yana so ya ji sunansa da na mahaifinsa da kirarin gidansu a fili. Idan bai ji ba, komai daɗin kiɗan an yi aikin banza.

Daga nan tsarin ya fito da kansa. Lokacin ɗaukar murya, a kashe sifiku gaba ɗaya, domin makirufo na ɗakin, in ba haka ba kiɗan ya koma cikinsa ko a ji wannan ƙarar mai huda kunne. Mawaƙi ya sa hedifon mai rufaffen baya, wanda ba ya zubar da sauti waje. Mawaƙa da yawa na son zare kunne ɗaya don su ji muryarsu a iska, to sai a kashe wancan ɓangaren, kada makirufo ya kwashi abin da ke fita daga ciki. Gyaran murya, yanke-yanke da share ƙazanta, duk a bar wa hedifon, kuma wannan ne aikin da ya dace da dare ko lokacin da babu wuta. Daidaita murya da kiɗa kuwa a ajiye shi sai an samu sifika, ko da hakan na nufin a ce wa mawaƙi ya dawo gobe. Kaurin bes a duba shi sau biyu: a sifika, sannan a hedifon mai kyau, inda ɗakin ba shi da ta cewa.

Akwai wani tarko a wajen sauyawar kanta. Tun a 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin kauri da sirantar sauti daidai a kowane mataki na ƙara. Idan ƙara ta yi ƙasa, kaurin ne ke fara ɓacewa. Idan ta yi sama, komai sai ya cika ya yi armashi. Saboda haka wanda ya tashi daga sifika mai matsakaiciyar ƙara ya faɗa hedifon da aka ƙure, zai rantse hedifon ya fi faɗin gaskiya, alhali ƙara ce kawai ta rinjaye shi. Maganin ba ya cin ko kwabo. Akwatin sautin da ake kira saun-kad, irin su Focusrite Scarlett da suka yaɗu, yana da maɓallin sifika daban, na hedifon daban. A sa wata waƙa da aka san ta fita da kyau a ko'ina, a daidaita biyun har ƙararsu ta zo ɗaya, a manna ɗan salatif a yi alama. Duk lokacin da aka sauya, a saurari wannan waƙar na minti ɗaya kafin a taɓa komai, kunne ya zauna tukuna.

Wani zai ce wannan duk zancen mai wuta ne. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareta don a saurari waƙa ya zama abin da sai an yi lissafi. Gaskiya ne. Amma ƙananan sifikun situdiyo biyu a matsakaiciyar ƙara ba su kai dutsen guga cin wuta ba ko kusa, ƙaramar inbata da batiri ɗaya da farantin sola za su riƙe su. Wanda ba shi da halin wannan ma, abin da ake nema a wurinsa tsari ne: ya tara ayyukan da ke buƙatar sifika, wuta na zuwa ya fara da su, maimakon ya ɓata sa'o'in yana gyaran lumfashi. Da an ɗauke wuta kuma a kashe sifikun daga maɓallinsu, a bar su su zama na ƙarshen kunnawa, na farkon kashewa, don dawowar wuta da ƙarfi ta sha ƙona kayan mutane.

Batun lafiyar kunne ma ba na wasa ba ne, kuma a nan hedifon ya fi haɗari domin babu maƙwabcin da zai buga ƙofa ya ce a rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na fuskantar barazanar raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, ta kuma sa ma'aunin desibel 80 na sa'o'i 40 a mako ga baligi. Duk ƙarin desibel uku yana rage lokacin da rabi. Mai situdiyon da ke ƙure hedifon don ya danne ƙarar janareta, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, fanka a kashe, gumi na bin kunne, jarinsa yake ci da hannunsa. Sashen ji da ke fara lalacewa shi ne na siraran sauti, wanda da shi ake rarrabe baƙaƙen magana.

Manyan situdiyon duniya ba su taɓa dogara da shaida ɗaya ba. Sifikar Yamaha NS-10, wadda ta fito a 1978, ta yi suna ne saboda ba ta yi wa waƙa kwalliya. Lokacin da Quincy Jones da injiniyansa Bruce Swedien ke aikin kundin Thriller na Michael Jackson a 1982, sun riƙa gwada shi a 'yan ƙananan akwatunan Auratone don su ji yadda zai fita a rediyon talaka. Mai situdiyo a Kebbi yana da nasa Auratone a aljihu: wayarsa. Kafin a miƙa waƙa, a tura ta waya, a sa ta a 'yar sifikar bulutut, a roƙi mai Keke Napep ya kunna ta, a danna maɓallin da ke haɗe hagu da dama a ji ko wani abu ya ɓace. Waƙar da za a sa a filin wasa na Haliru Abdu ko a tashar Equity FM, can za ta rayu, ba a kunnen wanda ya haɗa ta ba.

Inda abin ya fi tsanani shi ne kiɗan gargajiya. Ƙasar Kabi ƙasar makaɗa ce, a nan Aliyu Ɗandawo ya yi wa fadar Argungu kiɗa kafin gidansa ya kafu a Yawuri. Bikin kamun kifi da aka faro a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ba ya cika sai da makaɗa a cikin kwale-kwale a Matan Fada. Irin waɗannan mutane ba a sa musu hedifon a ce su bi bugun kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Tare suke kiɗa, suna kallon juna, mai kalangu na amsa wa mai waƙa. Mai ɗauka ne kaɗai zai sa hedifon, kuma shi ma kada ya yarda da abin da yake ji, domin amon ganga a ƙaramin ɗaki yana ratsa kowane hedifon ya gauraya da abin da makirufo ke kawowa. Ya ɗauki minti ɗaya, ya tsayar da su, ya kunna sifika kowa ya ji, tsohon makaɗin ya faɗi ko gangarsa ce wannan ko ba ita ba, a gyara zaman makirufo, a sake kashe sifika, sannan a ɗauka da gaske.