Wa Ya Kai Wa Malamar Zuru Pesto?

Wannan makon a kan karin kumallo za mu yi faɗa, kuma kada wanda ya ce ƙaramin abu ne.

Cikin labaran da aka kawo mana dubawa a ƙungiya akwai wanda aka ce a Zuru ya faru. Jarumar malamar firamare ce, albashinta ba ya kai ta ƙarshen wata, amma da safe sai ga ta ta gasa burodi, ta shafa masa pesto, ta ɗora soyayyen ƙwai a kai. Muka tambayi mai labarin mene ne pesto. Shiru. A Instagram ya gani, ya yi masa kyau a hoto, ya kwaso.

To bari mu faɗa muku. Pesto na mutanen Jenowa ne a Italiya. Ɗoɗɗoya irin tasu suke kirɓawa a turmi da tafarnuwa, gishiri, cuku mai tauri, 'ya'yan wani itace da man zaitun. Sunan ma daga kalmarsu ta daka ya samo asali. Wato abin da aka ɗauka tutar wayewa aikin turmi da taɓarya ne, ɗan uwan ƙuli-ƙulin da iyayenmu ke dakawa da yaji su yi kwaɗon zogale. Su sun riƙe nasu har duniya ta san shi, mu kuwa kunyar rubuta namu muke ji.

Alhali ga ƙwai da burodi nan a bakin kowace tasha. Ku zauna a bencin mai shayi ku buɗe ido. Yadda yake fasa ƙwai cikin kofi, ya yanka albasa da attarugu a tafin hannunsa ba tare da ya kalla ba, ya murza magi, ya kaɗa, ya juye a mai har ya yi ƙara. Yadda yake tsaga burodi ya cusa wainar a ciki, ya mayar kan kaskon ya danne. Yadda yake shiƙa shayi tsakanin kofi biyu. Wani zai ce a soya masa uku da Indomie, na kusa da shi zai ce ɗaya, rabin burodi, shayi ba madara, kuma a rubuta. Da wannan kaɗai mai karatu ya san wane ne mai hali, wane ne ke cin bashi, ba sai kun ɓata shafi kuna bayani ba. In kuka ce ƙwan zabi ne, ya san damina ta yi.

Za a ce ai labari ƙirƙira ne, masu karatu kuma suna son ganin daula su huta da talauci. Mun ji. Mu ma da muka fara, sai da muka cika teburan jarumanmu da abincin da ba mu taɓa ɗanɗanawa ba. Ba mu hana kowa pesto ba. In jarumarku ta yi zama a Italiya, ku ba ta, amma ku san ɗanɗanonsa, ku san inda ta samo man zaitun da abin da ya ci mata. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ari sunan Zuru, garin Lelna da bikin Uhola, sannan a kasa nuna mana ko koko da ƙosai a cikinsa. Goge sunan garin ka sa Dubai, ba abin da zai canza a wancan labarin.

Mun mayar masa da rubutunsa, muka ce ya yi safiya uku a teburin mai shayi da biro a hannu kafin ya sake taɓa babin. Daren jiya ya turo saƙo yana tambaya, wai in ya canza pesto ɗin zuwa bama ya wadatar?