Mafarkin Taron Matasa: Masu Fassara Ku Ji Tsoron Allah

Yau ina so mu yi magana a kan wata sana'a da ta yi kasuwa a nan Yelwa, wato fassarar mafarki ta waya. Mutum zai yi mafarkin samari sun cika titi, da asuba ya tura saƙo ga wani mai kiran kansa malam. Idan ɗan kasuwa ne a ce masa fitina na tafe, ya kwashe kayansa. Idan mai kwaɗayin siyasa ne a ce magoya bayansa ne aka nuna masa. Mafarki ɗaya, fassara biyu, daga ƙarshe kuma a ce ya aiko da kuɗin sadaka. Haba jama'a!

Ni ba malami ba ne, a shagon mahaifina na tashi, sakandare kawai na gama. Amma ko a Islamiyya an koya mana hadisin Bukhari da Muslim cewa mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, da tsoratarwar Shaiɗan, da abin da mutum ya kwana da shi a ransa. Wanda ya ga abin ƙi kuma an umarce shi ya nemi tsari, ya yi tofi sau uku ta hagunsa, kada ya faɗa wa kowa. To ina aka samo yaɗa shi a WhatsApp?

Ku duba abin da garin nan ya gani. A watan Oktoban 2012 aka kashe ɗalibai a Wuro Patuji. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi, mutane suka fita a ƙafa, wasu Kamaru wasu hanyar Yola, sai a Nuwamba aka ƙwato garin. A Nuwamban 2017 bam ya tashi a masallaci a Unguwar Shuwa lokacin sallar asuba. Wanda ya rayu cikin wannan, in ya ga taro a barci mene ne abin mamaki? Tsohon tsoro ne ya motsa. Addu'a yake bukata da lallashi, mai fassara kuma ya ƙara masa fargaba don ya ci kuɗinsa.

Za su ce ai daga littafin Ibn Sirin suke ɗaukowa. Ibn Sirin tabi'i ne, ya rasu a Basra shekara ta 110 bayan Hijira, kuma malamai da dama sun yi shakkar cewa shi ya rubuta littafin da ake jingina masa. Ko da shi ne, fassara tana bin halin mai mafarkin, ba lissafin farashi ba ce da za a buɗe shafi a karanto wa kowa.

Illar kuwa a kanmu take. Da zarar an ce taron samari alamar masifa ne, sai a fara hararar 'yan ga-ruwa da masu dako da almajirai, yawancinsu 'ya'yanmu. Mu da iyayenmu suka zo fatauci suka zauna tare da Gude da Fali da Fulani, jita-jita ba ta taɓa yi mana rana ba.

Annabi Yusuf (AS) da ya fassara mafarkin sarki, shawara ya bayar a adana hatsi shekara bakwai, mutane suka tsira daga yunwa. Mu ma taron matasan yana nan ido biyu: ku leƙa majalisun unguwa da bakin kasuwar shanu, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Alhazanmu, kowa ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa ciniki. Kuɗin da za a ba mai fassara a biya wa maraya jarabawar NECO da shi.

Allah ya ba garinmu zaman lafiya, ya shirya mana zuri'a, amin.