Laifin Na'ura Ko Laifin Maƙerinta?

Dundaye tana hayin gulbin Rima, daura da birnin Sakkwato, cikin ƙasar Wamakko. An san ta da fadama mai albarka, an kuma san ta da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975. Manomin wannan fadama da ɗalibin wannan jami'a sana'arsu dabam, amma cuta ɗaya ta ke damunsu. Manomi ya sayar da shinkafa, an ce an turo masa kuɗi ta waya, kuɗin sun bar hannun mai saye ba su iso nasa ba. Ɗalibi ya je yin rajista, allon kwamfuta ya ce babu mai wannan suna. Kowannensu in ya kai kuka amsa ɗaya ya ke samu: "Haka kwamfuta ta nuna." Shi ke nan, an kashe bakinsa.

Wannan amsa ba amsa ba ce, hanyar gudun laifi ce, ya kamata kuwa a daina karɓarta.

Kwamfuta ba aljani ba ce, ba ta kuwa san gaibu ba. Ƙarfe ne da waya, ba ta yin kome sai abin da aka umurce ta. Umurnin nan shi a ke kira manhaja, watau dogon rubutu wanda waɗansu ma'aikata su ka zauna su ka tsara layi bayan layi, aka biya su lada. Duk wanda ya taɓa kwafar wasiƙa ya san hannu ya kan tsallake kalma. Bambancin kawai shi ne, kuskuren magatakarda takarda ɗaya ya ke ɓatawa, na mai rubuta manhaja kuwa ya kan maimaita kansa sau dubu kafin a farga.

Wanda ya ke tsammani sai a ƙasashenmu a ke haka, to, ya ji abin da ya faru a Ingila. A 1999 Gidan Waya na ƙasar ya kawo wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Sai ta riƙa nuna giɓin kuɗi a inda ba a taɓa ko kwabo ba. Maimakon a tuhumi manhajar, sai aka tuhumi masu riƙon ƙananan gidajen waya. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900, an ɗaure waɗansu, waɗansu sun tsiyace wajen biyan bashin da ba su ci ba. Sai a 2019 wata babbar kotu ta tabbatar manhajar cike ta ke da kurakurai, a 2024 majalisa ta yi dokar wanke su. Shekara 25 ke nan mutanen kirki suna ɗauke da sunan ɓarayi, don kawai manya sun ce na'ura ba ta ƙarya.

A gida ma an gani. Duk yaron Dundaye da ya ke so ya shiga jami'ar da ke bayan gidansu sai ya bi ta jarrabawar JAMB, da kwamfuta kuwa a ke yinta. A 2025, da sakamako ya fito, aka yi ta cewa yaran zamani ba su karatu. Ran 14 ga Mayu sai shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban jama'a, har da hawaye, ya ce an ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Ikko da jihohin kudu maso gabas, domin wani gyara da aka yi wa manhajar bai isa ga dukan na'urorin ba. Aka sake musu jarrabawa. Ya cancanci yabo da ya faɗi gaskiya. Amma da iyaye ba su ta da murya ba, wa zai bincika? Wannan karon ba ta faɗo a Sakkwato ba, sai dai in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma wani aibi wanda ya fi kuskuren rubutu muni, shi ne a ƙera abu ba a tuna da mai amfani da shi ba. Na'urar ɗaukar hoton yatsa tana neman zanen fata sarai. Wanda ya shekara 40 yana riƙe da kotar fartanya, da tsohuwar da ta tsufa a bakin turmi, zanen yatsunsu ya kan shafe. Na'ura ta ƙi su, ma'aikaci ya ce su goge hannu su sake, kamar ƙazanta ce, alhali kuwa shaidar neman halal ce. Har shugaban ƙasa bai tsira ba: ran 28 ga Maris 1915 ba a san wannan na'ura ba, amma ran 28 ga Maris 2015, a Otuoke, ta ƙi tantance Goodluck Jonathan ranar zaɓe, duniya tana kallo. Shi an sama masa mafita a ranar. Talaka sai a ce ya dawo gobe, kuɗin mota kuwa daga aljihunsa.

Haka kuma sha'anin suna. Takardun kwamfuta suna neman "sunan iyali", abin da Bahaushe bai gada ba, domin shi da sunan uba ko na gari ya ke amsawa. Wannan akawu ya rubuta Muhammadu, wancan ya rubuta Mohammed, sai lambar BVN ta banki da lambar NIN ta ɗan ƙasa su ƙi gane juna, a rufe wa mutum asusunsa da kuɗinsa a ciki. Ga kuma haruffanmu masu ƙugiya. Maɗaba'ar Gaskiya ta Zariya ta buga su da dalma tun kafin a san kwamfuta a ƙasar nan, amma har yau akwai takardun hukuma da ba su karɓarsu. Wannan ba gazawar ƙarfe ba ce, rashin kula ne na waɗanda su ka ba da kwangila.

Wani zai ce ai na'ura ta rage cin hanci, ta kuma rage tafiya. Gaskiya ne, ba wanda ya ce a koma zamanin tawada. Gyara kayanka ba sauke mu raba ba ne. Amma a zamanin En'e in malamin haraji ya ɓata lissafi, ga littafi, ga rubutun hannunsa, ga ma'aji da zai tsare shi da tambaya. Abin da a ke nema ke nan yau: kowace na'ura a san mutumin da zai amsa laifinta, kowane ofis a ajiye hanyar takarda don wanda na'ura ta ƙi, a kuma gwada kowane sabon tsari a hannun manoma da tsofaffi kafin a ɗora wa jama'a.

Kafin a kai ga haka, wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci yana da makami a hannunsa. Ya riƙe kowane rasit, ya rubuta rana da lokaci da adadin kuɗi, ya kai ƙararsa a rubuce, ya nemi a ba shi shaidar karɓa. A 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ƙayyade cewa kuɗin da su ka maƙale a ATM na wani banki a mayar cikin awa 48, na POS kuwa a warware cikin awa 72. In banki ya yi shiru, Babban Bankin yana da sashen sauraron ƙorafi, yana kuma da reshe a Sakkwato. In aka ce masa haka kwamfuta ta nuna, sai ya tambaya cikin ladabi: wa ya gaya mata, wa kuma zai gyara?